Filin Tambayoyinku: Koyon Sifaniyanci a gidan masu shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara guda ke nan ina koyon Sifaniyanci a manhajar waya, kullum ba fashi. Idan na ga rubutu ina ganewa, amma da na kunna rediyonsu sai in ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na tara kuɗin da zai riƙe ni wata uku a waje. Makarantar da na tuntuɓa ta ba ni zaɓi biyu: ko in sauka gidan wasu iyali, ko in kama ɗaki tare da sauran ɗalibai, wanda ya fi araha. Ni mutum ne mai kunya, zama a gidan mutane yana mini nauyi. Wanne zan ɗauka, kuma wata ukun zai isa? Daga wani ɗalibi mai shirin tafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka sauka gidan iyalin. Idan kuɗin ba zai kai ba, gara ka rage mako biyu daga zamanka da ka rasa gidan. Bari in ba ka labarin nawa zaman, ka auna da kanka.

Mako 12 na yi a Granada da ke kudancin Sifaniya. Ranar Litinin ta farko aka yi mana gwaji na rubutu da na baki, don a san ajin da kowa zai shiga. Matakan shida ne, daga A1 zuwa C2, ni aka ajiye ni a A2, wato kusan inda nake zaton kake yanzu. Darasi 20 muke yi a mako, daga ƙarfe tara na safe zuwa ɗaya na rana, mu tara a aji. Malamanmu sun san aikinsu, kuma ba su taɓa yi mana Turanci ba ko da wasa. Idan kalma ta gagara sai su zana ta a allo, ko su kwatanta da hannu, har sai ta shiga. Amma ga abin da takardar tallar makaranta ba za ta gaya maka ba. Da an tashi shan iska, Bajamushe da 'yan Holan da Amurkawa da 'yar Koriya da ke ajinmu sai kowa ya koma Turanci, domin shi ne harshen da ya haɗa mu ba tare da wahala ba. Waɗanda suka kama gida tare kuwa, da Turanci suke girki, da shi suke fita yawo, da shi suke kwana. Mutum yana farke wajen awa 110 a mako. Aji ya ɗauki 20 ko ƙasa da haka. Sauran awa 90 ɗin su ne za su nuna ko kuɗinka ya yi amfani.

Ni an kai ni unguwar Realejo, gidan wani dattijo tsohon direban bas ɗin cikin gari da matarsa mai ɗinki. Babu mai jin Turanci a cikinsu. Abincin rana sai ƙarfe biyu da rabi, na dare kuma sai tara ta gota. Makon farko da na ci na ƙoshi sai in yi godiya in shige ɗaki in ja ƙofa, a ganina ladabi ke nan, kada in takura wa masu gida. Ran nan mai kula da masaukin ɗalibai ta kira ni ofis, ta ce uwar gidan ta bugo waya hankalinta a tashe, tana tambaya ko abincinta ne ba ya mini daɗi, ko wani abu aka yi mini. Ashe a wurinsu tashi daga tebur da wuri alama ce ta ɓacin rai. Suna da wata al'ada da suke kira sobremesa, wato zaman hira bayan an gama cin abinci, faranti na nan a gabanka ba a kwashe ba, ana shan gahawa ana taɗi na rabin awa ko awa guda. Abin da na biya kuɗi dominsa ke nan, kuma shi nake gudu.

Daga ranar na daina tashi. Lokacin sanyi ne, kuma Granada tana gindin duwatsun Sierra Nevada masu ƙanƙara, don haka teburin nasu irin mai zagaye ne da aka lulluɓe da mayafi mai kauri har ƙasa, da abin ɗumama ƙafa a ƙarƙashi. Kowa ya ja mayafin ya rufe cinyarsa, ba mai marmarin motsawa. Dattijon nan tambayoyi uku yake mini kullum, ba ya canzawa: yaya aji, me ka koya yau, ina za ka da yamma. Da na gane haka sai na riƙa shirya amsa a kan hanyar dawowa, ina maimaitawa a zuci. Tambaya ta biyu ta tilasta mini maganar abin da ya wuce, ta uku ta tilasta mini maganar abin da zai zo, waɗanda su ne muke fama da su a aji. Idan na yi kuskure matar ba ta cewa na yi kuskure, sai dai ta maimaita maganata daidai kamar tana tabbatarwa, ta ci gaba da ɗinkinta. A mako na biyar na fahimci hasashen yanayi a talabijin daga farko har ƙarshe. A mako na takwas dattijon da surukinsa suka kaure da gardama kan wani bugun fanareti da alƙalin wasa ya hana, suna magana a tare, murya a sama, sai na tsinci kaina ina bin zancen har na sa baki. Har yau ina tuna daɗin da na ji a daren nan.

Kunyarka abu ne mai kyau, kada ka yar da ita. Ka dai sani cewa a wancan gidan girmama masu gida shi ne ka zauna ka yi magana, ko da guntu-guntu ce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Akwai kuma abin da nake so ka riƙe don ya ƙarfafa maka gwiwa. Bahaushe yana shiga wannan harshe da jari a hannu. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, ana furta su yadda muke furta namu, kuma yadda aka rubuta kalma haka ake karanta ta. Harafin r mai karkarwa da ke wahalar da Turawan Ingila da Amurka, har su kasa raba pero, wato amma, da perro, wato kare, mu tun muna yara muke da ra iri biyu a bakinmu. Suna raba sunaye namiji da mace, akasarin na mace suna ƙarewa da a, kamar dai namu, har da 'yan tawaye irin el día da el problema waɗanda suka ƙare da a amma maza ne, kamar gida da ruwa da suna a wurinmu. Darasin da ya fi razana 'yan ajinmu shi ne wanda ake kira subjuntivo, sigar aikatau ta fata da buƙata da umarni. Ni da malama ta rubuta quiero que vengas sai na ga ai "ina so ka zo" ne. Ba ma cewa "ina so ka zo" da irin "ka" ɗin "ka zo jiya", kowane Bahaushe yana jin bambancin a kunnensa. Sannan ga kalmomin Larabci da suka shiga harshen a kusan shekara 800 da Musulmi suka yi suna mulki a Andalus, daga 711 zuwa faɗuwar Granada a 1492. Azúcar sukari ne, aceituna zaitun ne, hasta ita ce hatta, alcalde kuwa, wato magajin gari, tushensu ɗaya da alƙali. Idan suna fatan wani abu sai su ce ojalá, kalmar da sunan Allah ke cikinta.

Inda za ka yi gumi wuri biyu ne. Na farko p da f, waɗanda mu ba mu cika rabawa ba, su kuwa puente gada ce, fuente maɓuɓɓugar ruwa ce, kuma idan kana tambayar hanya bambancin yana da girma. Ka sa takarda a gaban leɓenka ka yi ta gwadawa. Na biyu jujjuya aikatau. Mu abin da ke gaban aikatau muke canzawa, na tafi, ina tafiya, zan tafi. Su wutsiyar kalmar suke canzawa, kuma wani lokaci wurin da aka danna murya kaɗai ne ya raba hablo, ina magana, da habló, ya yi magana. Wannan sai haddace da yawan amfani.

Batun ko wata uku zai isa, ya danganta da abin da kake nufi da isa. Darasi 20 sau mako 12 ya ba ka 240, kuma yawancin makarantu darasinsu bai cika awa guda ba, minti 45 zuwa 55 ne, ka tambaya. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na aji kafin mai jin Turanci ya iya aiki da Sifaniyanci. To ka ga wata uku ba zai mai da kai ɗan gari ba. Amma wanda ya je da A2 ya zauna gidan da ake masa magana, zai iya dawowa da B1 mai ƙwari, wato matakin da ke bin A2: ya je asibiti ya faɗi abin da ke damunsa, ya yi ciniki, ya ba da labari, ya kama akasarin abin da ake faɗa a rediyon nan da ke maka ƙarar tsakuwa. Ni da abin da na dawo ke nan.

Ba ka faɗi garin da makarantar take ba. Ina son Granada har zuciyata, amma mutanen Andalus, wato yankin kudancin Sifaniya, suna haɗiye haruffa, s ɗin ƙarshen kalma ba ta fita, pescado ya koma pescao, garin nasu ma Graná suke ce masa. Wanda kunnensa bai buɗe ba zai fi samun sauƙi a Salamanca, garin da jami'arsa ta kafu tun 1218, inda ake furta kowane harafi. Barcelona ba na ba mai farawa shawararta, domin a gidaje da yawa Katalanci ake yi a kan tebur. Idan kuma hankalinka ya karkata Latin Amurka, Gwatemala ta yi suna da tsarin malami ɗaya ɗalibi ɗaya, awa huɗu ko biyar a rana, ga masauki da abinci sau uku, yawanci ban da Lahadi. Antigua ta fi kyan gani amma ta cika da 'yan yawon buɗe ido masu Turanci. Quetzaltenango, wadda suke kira Shela, ta fi dacewa da mai son karatu, sai dai tana kan tsauni sama da mita 2,300, akwai sanyi. Ka lissafa kuɗin jirgi da bizar ƙasashen da za ka ratsa kafin arahar makarantar ta ruɗe ka, domin Amurka tana neman biza ko da sauya jirgi kawai za ka yi.

Kafin ka biya ko sisi, ka rubuta wa makarantar ka tambayi ɗalibai nawa ne a gidan. Akwai gidajen da suka mai da abin sana'a, ɗalibi huɗu ko biyar, a ajiye musu abinci su ci su kaɗai. Wannan otal ne da wani suna. Ka ce kana son gidan da za ka ci tare da masu shi, kuma idan akwai wani ɗalibi kada ya zama wanda kuke da harshe ɗaya. Ka tambayi nisan gidan da makaranta, da ko za a canza maka gida idan zama bai yi daɗi ba, da nawa za su mayar maka idan ba ka sami biza ba, duk a rubuce. A Sifaniya ka duba ko makarantar tana cikin waɗanda Cibiyar Cervantes, hukumar gwamnatin Sifaniya mai yaɗa harshen, ta tantance, jerin sunayen yana shafinta na intanet. Bizar Shengen ta gajeren zama, wadda ake shiga Sifaniya da wasu ƙasashen Turai da ita, kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, mako 12 kuma kwana 84 ne, saura shida kacal na zuwa da dawowa, don haka ka ƙirga da kyau. Abin da ya haura kwana 90 sai bizar karatu, wadda sharuɗɗanta daban ne.

Tambaya: Malam, 'yata ce za ta tafi Sifaniya wata biyu, an ce gidan wasu za ta zauna. Ni abin da ya hana ni barci shi ne abinci da salla da irin tarbiyyar gidan. Anya kuwa? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, damuwarki tana kan hanya, kuma maganinta a faɗi komai tun kafin a tafi. Makarantu suna ba da takardar cikewa inda ake tambayar abin da ɗalibi ba ya ci, da ko yana iya zama da kare ko kyanwa, da ko yana shan taba. Ta cike ta dalla-dalla, ta nemi gidan mace ita kaɗai ko mai 'ya'ya mata, irin waɗannan gidaje suna da yawa. Maganar kare kada ta ji nauyin faɗa, domin a can cikin ɗaki yake kwana.

Naman alade shi ne babban abin lura, saboda ya ratsa girkinsu ta inda ba a zato. Cewa no como cerdo, ba na cin alade, bai wadatar ba. Mutane da yawa a can idan an ce alade tsokar nama suke ganewa, ba sa lissafa jamón da chorizo da tocino da manteca, wato busasshiyar cinya da tsiran hanji da kitse da man alade. Uwar gidana da kyakkyawar niyya ta taɓa dafa mini wake ta tsame gutsattsarin chorizo daga kwanona, a ganinta ta gama mini gata. Na yi mata bayani a hankali cewa romon ma ba na sha. Ba ta ji haushi ba ko kaɗan, washegari ta sayo ƙaramar tukunya ta ware mini ita har na bar gidan. 'Yarki ta haddace waɗannan sunaye huɗu, ta ƙara da tambayar ko an sa giya a miya, domin suna girki da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce ta ce kifi da ƙwai da ganye take ci. Kifi a wadace yake, ga wainar ƙwai da dankali da suke kira tortilla, ga man zaitun a kusan kowane girki. A manyan garuruwa akwai mahautan halal, akasari na 'yan Maroko.

Salla kuwa ɗakinta nata ne, ba mai shiga. Ta gaya musu tana tashi da asuba don kada motsin ruwa ya firgita su, ta kuma riƙa goge ƙasan banɗaki bayan alwala, saboda suna son shi a bushe kuma suna tsimin ruwa ƙwarai. Idan Granada ce, akwai babban masallaci a unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, yana fuskantar fadar Alhambra. Madrid ma tana da babbar cibiyar Musulunci tun 1992. Gaisuwarsu tsakanin mace da namiji ko mace da mace ita ce haɗa kumatu sau biyu. Idan ba ta so, ta riga su ɗora hannu a ƙirji da murmushi ta ce encantada, na ji daɗin saduwa da ku. Suna ganewa, kuma sau ɗaya ake bayani. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma nemi taka ka ɗaura, to wannan ya tsaya ga lokacin cin abinci da yadda ake hira. Abin da ya shafi addininta ba wanda zai nemi ta sauke, in dai ta faɗa da bakinta. Abu ɗaya zan roƙe ki, Hajiya: kada ki riƙe ta a waya awa biyu kowane dare. Ku sa lokaci, ku gaisa, ki sake ta ta koma cikin mutanen gidan.

Tambaya: Takardar da makarantar koyon Sifaniyanci za ta ba ni a ƙarshe, jami'a za ta karɓa? Daga wata mai neman digiri na biyu.

Amsa: Ƙanwata, akasari ba ta karɓa, domin shaidar halarta ce kawai. Abin da ake nema shi ne DELE, takardar shaidar ƙwarewa a harshen da ake samu bayan jarrabawa, wadda Cibiyar Cervantes ke bayarwa da sunan ma'aikatar ilimi ta Sifaniya, kuma ba ta tsufa. Akwai kuma SIELE da ake yi a kwamfuta, sakamakonta ya fi saurin fitowa amma shekara biyar take aiki. Jami'o'i da yawa B2 suke nema ga kwas ɗin da ake koyarwa da Sifaniyanci. DELE tana da ranakunta ƙayyadaddu a shekara kuma ana rufe rajista makonni kafin ranar, sakamako yana ɗaukar wata biyu zuwa uku, don haka ki fara duba ranar jarrabawa sannan ki tsara tafiyarki ta ƙare a kanta.

Tambaya: Malam, na ba hamsin baya. Ina sha'awar harshen nan tun ina saurayi amma hidimar iyali ba ta bar ni ba. Ba zan zama abin kallo ba a aji cikin yara? Daga wani magidanci.

Amsa: Yaya, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajinmu wata tsohuwar malamar asibiti ce 'yar Holan mai shekara 68. Haddace tana yi mata wuya fiye da mu, kalma sai ta rubuta ta sau uku a ɗan littafinta. Amma ba ta tsoron kuskure, kuma tana da abin faɗa, domin ta rayu. Matasan ajin idan an ce su yi magana kan aiki ko rashin lafiya ko tarbiyyar yara sai su yi shiru, ita kuwa sai an tsayar da ita. Masu masaukinta sa'o'inta ne, har kasuwa suke zuwa tare.

Ka guji watannin Yuli da Agusta, lokacin ne makarantu ke cika da 'yan hutu masu shekara 18 zuwa 20, ga zafin Andalus da ke haura digiri 40 a Sevilla da Kordoba. Daga Oktoba zuwa Mayu ajin ya fi natsuwa kuma manya sun fi yawa. Wasu makarantun suna da aji na musamman ga waɗanda suka haura 50, ka tambaya. Ka nemi gidan dattawa waɗanda suka yi ritaya, su ne masu lokacin zama da baƙo. Idan hidima ba za ta bar ka ka yi wata uku ba, ka yi mako huɗu, ka ƙara awa ɗaya ta kai da malami kaɗai kowace rana bayan aji. Kafin ka tashi ka samu wata biyu kana koyon gaisuwa da ƙirga da sunayen abinci, yadda daren farko idan uwar gida ta ɗago cokali ta ce ¿quieres más?, za ka san ƙari take tambaya ko kana so.